Masu ƙoƙo a ƙasar Tailan

Tun ina yaron shago a Kantin Kwari nake jin sunan Bankok a bakin manya, amma sai a watan Nuwamban 2023 Allah ya nufa na taka garin da ƙafata. Kawu ne ya saba zuwa, ya fi shekara goma yana sarin riguna da wandunan yara daga can. Da ciwon gwiwa ya matsa masa sai ya kira ni ya ce, "Bana kai za ka je. Ka riƙe sallarka, ka kula da abin da za ka sa a bakinka, sauran duk mai sauƙi ne."

Takardu sun ci mini kusan wata guda: biza daga ofishin jakadancin Tailan a Abuja, takardar shaida ta hukumar NDLEA, sai katin rigakafin shawara. Na canji dala a Wapa, lokacin ta haura naira 1,000. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka tashi zuwa Adis Ababa, muka ɗan yi jira, sannan muka kwana a sama har Bankok. A filin jirgin Suvarnabhumi duk wanda ya fito daga ƙasashenmu sai ya fara biyawa teburin jami'an lafiya an duba katinsa kafin ya shiga layin shige da fice. Wani bawan Allah ɗan Damagaram da muka zo tare, wanda hanyar ta zame masa jiki, shi ya ja ni har jirgin ƙasan da ke shiga gari. Bat 40 muka biya zuwa tashar Ratchaprarop, daga nan a ƙafa muka shiga Pratunam, unguwar masu sarin tufafi. Dala ɗaya lokacin tana ba da bat 35 ko ɗan sama da haka.

Na kama ɗaki a bat 700 kowace rana. Da aka miƙo mini rasit sai na ga an rubuta shekara 2566. Na mayar wa yarinyar na ce ta yi kuskure. Ta yi murmushi ta ce haka ne, su da shekarar Buda suke lissafi, tana gaban ta Miladiyya da 543. Masallacin Darul Aman yana nan kusa, a lungu na 7 na titin Phetchaburi, kuma a bakinsa na sami shinkafa da kaza mai kurkur da suke kira khao mok kai, a bat 60. Ita na riƙe, domin alade a garin nan ko'ina ne, har a romon taliya.

Washegari a jirgin BTS mai bi ta saman gadoji na ga alamar kujerun da ake bar wa masu lalura. Akwai hoton mai ciki, da tsoho mai sanda, da mai rauni, sai wani hoto na mutum a naɗe cikin mayafi. Ban gama tunanin ko wane ne ba sai ga shi ya shigo: kai a aske tas har da gira, mayafi ruwan goro, jaka a kafaɗa. Wani magidanci ya miƙe da sauri ya ba shi wuri, matar da ke gefen kujerar ita ma ta tashi ta koma nesa. Ba ƙyama ba ce, dokarsu ce, mace ba ta taɓa shi, ko gefen tufarsa. Su suna kiransu phra. Ni zan ce musu sufaye ko 'yan zuhudu, amma kada mai karatu ya haɗa su da sufayenmu na ɗariƙa, hanya daban ce, aƙida daban.

Shagon da Kawu ke sari na wata tsohuwa ne, Mama yake kiranta, ni ma na bi sahu. Ɗanta ne ke riƙe da ciniki, da shi muke magana a WhatsApp, amma tun ƙarshen Yuli ya yi ɗif. Har Kawu ya fara zaton ko rashin lafiya ce ko kariyar jari. Da na tambaye ta sai fuskarta ta washe. Ta ciro waya ta nuna mini hoto: ga ɗan nata, mai shekara 31, mai mota da digiri, an aske shi, yana tsaye ba takalmi, ita kuma tana durƙushe a gabansa. Ta ce ya shiga wat, wato gidan ibadarsu, a garin mahaifinsa Chiang Mai, don zaman damina. Zaman nan na wata uku ne, phansa suke ce masa, sufaye ba sa kwana a wani wuri sai ya ƙare. Ya ƙare a ƙarshen Oktoba, amma ɗan nata zai jira bikin kathin, na ba da sababbin mayafai, sannan ya fito. Ta dafa ƙirji ta ce a wurinsu uwa tana kama gefen mayafin ɗanta ne ta hau sama. Mace ba ta da damar zama phra, don haka ɗanta ke nema mata lada.

Kayan da na ba da oda sai sun yi kwana shida a wurin maɗinka. Mama ta ce in ina da hali in je in ga ɗanta, zai yi murna, akwai ma tabarau da maganin shafawa da take son aika masa. Na kira Kawu, ya ce, "Je ka, mutumin kirki ne, ka gaishe shi." Kafin tafiyar na leƙa Wat Pho, na biya bat 200 na ga gunkin Buda a kwance, tsawonsa mita 46, an shafe shi da ruwan zinare, mutane na jefa kwabbai cikin tasoshin tagulla 108. Na kalla na fito. Ban sunkuya wa komai ba, kuma babu wanda ya nemi in sunkuya.

Jirgin ƙasa na dare na shiga daga tashar Krung Thep Aphiwat, da magariba, gadon ƙasa a ɗan sama da bat 1,000. A zaune na yi sallolina. Abokin zamana wani dattijo ne, malamin makaranta mai ritaya, da Turanci daidai gwargwado. Da ya ji inda za ni sai hira ta ɓarke. Ya ce shi ma ya yi wata uku a wat kafin ya yi aure, domin a zamaninsu namijin da bai taɓa shiga ba khon dip ake ce masa, wato ɗanyen mutum, wanda ya shiga ya fito kuwa khon suk, nunanne. Iyayen yarinya sukan tambaya kafin su ba da ita. Ya ce ma'aikacin gwamnati yana da damar ɗaukar hutu har na kwana 120 don wannan zama, kuma dokar da ta ba shi wannan dama ita ce ta ba ma'aikaci Musulmi irinta don zuwa aikin Hajji. Ko marigayi Sarki Bhumibol ya yi kwana 15 a cikin mayafi a 1956. Wani kakansa, Sarki Mongkut, shekara 27 ya yi yana sufi kafin ya hau karaga a 1851. Ya tuna mini da yaran nan 'yan ƙwallo 12 da kocinsu da ruwa ya rufe a kogon Tham Luang a 2018. Bayan an ceto su, 11 daga cikinsu sun aske kai sun yi kwana tara a wat don nema wa mai ninƙayar da ya mutu wajen cetonsu lada. Na goma sha biyun Kirista ne, bai shiga ba.

Da safe muka isa Chiang Mai, gari mai sanyi-sanyi kamar Jos. Na sauka kusa da masallacin Ban Haw, na Musulmi 'yan asalin Yunnan ta ƙasar Sin, inda na ci khao soi, taliya cikin romon kwakwa da naman sa. Wani dattijo a masallacin ya ce in ina son ganin abin da ake kira Tailan, in je gindin dutsen Doi Suthep kafin rana ta fito.

Bayan asuba na shiga wata jar a-kori-kura mai benci biyu, ta sauke ni kusa da mutum-mutumin Kruba Srivichai, sufin da ya tara jama'a suka fasa hanyar hawa dutsen da aikin gayya a 1934 zuwa 1935. Gari bai gama wayewa ba. Mutane sun jeru a bakin titi, kowa da ƙunshinsa: shinkafa mai danƙo, miya a leda, ayaba, madarar kwali, furanni. Akwai masu tebur da ke sayar da haɗaɗɗen ƙunshi ga wanda bai dafa ba. Can sai ga su suna gangarowa daga Wat Si Soda a layi ɗaya, babba a gaba, ƙanana a baya, ƙafa ba takalmi, kowa rungume da ƙoƙonsa na ƙarfe mai murfi. Babu mai magana. Babu mai kallon fuskar wani. Babu mai cewa a ba shi.

Wata mata ce kusa da ni, za ta kai shekara sittin, da siket na ma'aikata da jakar hannu mai tsada. Da layin ya iso sai ta cire takalmanta ta taka ƙasa mai sanyi. Ta ɗaga kwanon shinkafar zuwa goshinta, ta yi shiru kaɗan. Yaron da ya tsaya a gabanta ba zai wuce shekara goma sha biyu ba, kunnuwansa sun yi fiƙi-fiƙi saboda askin, diddigensa duk faso. Ya buɗe murfin. Ta zuba masa a hankali, tana kiyaye kada yatsanta ya taɓa shi, shinkafar tana tururi. Sannan ta durƙusa, gwiwa biyu a kan kwalta, ta haɗa tafukanta. Yaron da 'yan uwansa suka rera mata wata gajeriyar addu'a da Pali, tsohon harshen littattafan addininsu, ya rufe ƙoƙonsa ya wuce. Bai ce na gode ba. Ita ce ta tashi tana share ido, kamar wadda aka yi wa kyauta.

Ni ban zuba komai ba, domin a wurinsu wannan ibada ce, kuma ba tawa ba ce. Amma ƙafafuna sun kasa ɗaukata daga wurin. Ina da shekara takwas mahaifina ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na ƙasar Haɗeja ya damƙa ni a hannun wani alaramma a Kano. Shekara shida na yi da allo da robar bara. Na san nauyin ƙoƙo a hannun yaro, na san faso a lokacin hunturu. Na san tsayuwa a zaure kana rera "Iya, almajiri, ko ɗan ƙanzo," har muryarka ta dushe, a ce maka Allah ya ba da haƙuri, ko a yi shiru kamar ba kowa a gidan alhali kana jin ƙarar cokula. In an ba ka, tuwon jiya ne da ya fara yami, an haɗa da ragowar shinkafa da miya iri uku a roba ɗaya. Akwai gidan da aka taɓa watsa mini ruwan wanke-wanke. Kuma abin da ke ƙirjina a lokacin Alƙur'ani ne, ina izu na ashirin.

Ba zan yi butulci ba, na yi uwar ɗaki, wata baiwar Allah da ke ajiye mini kwanona daban, mai zafi, kuma ita ta ɗinka mini kayan salla har sau uku. Allah ya ji ƙanta. Tsofaffi suna cewa da haka garin yake duka, kowane gida da almajirinsa, ana zuba nasa tare da na 'ya'yan gida. Abin da na gani a gindin dutsen nan shi ne irin wannan alkawari tsakanin mai karatu da mai dafa abinci, yana nan da ransa. Nasu yaron ana ba shi farkon abin da aka sauke daga wuta. Addininmu ya ce kada a ba da abin da kai kanka ba za ka karɓa ba sai da runtse ido, kuma ya hana yi wa mai roƙo tsawa. Mun haddace ayoyin. Na tsaya a bakin titin nan ina kallon mutanen da ba su taɓa jin su ba, ƙirjina ya yi nauyi.

Wat ɗin da ɗan Mama yake ƙarami ne, a bayan gari, tsakanin gonakin shinkafa da ake shirin girbewa. Na iske shi yana shara. Da ƙyar na gane shi. Na miƙa masa hannu muka gaisa, na ba shi saƙon. Mutanen wurin Luang Phi suke ce masa, wato babban yaya, shugaban gidan kuma Luang Pho, baba. Ya ce ko mahaifiyarsa in ta zo ita ke gaishe shi da haɗa hannu, shi ba ya ramawa, kuma wannan ne abin da ya fi yi masa wuya a makon farko.

Muka zauna a ƙarƙashin wata bishiya da aka ɗaura wa ƙyalle ruwan goro a gindi. A arewacin ƙasar sufaye kan naɗa wa itatuwa mayafi don masu sara su ji nauyin taɓa su. Ya ba ni labarin kwanansa: tashi ƙarfe huɗu, karatu da zaman shiru, fita da ƙoƙo, cin abinci, kuma daga rana ta take tsaka babu sauran tauna sai gobe. Cikakken phra, wanda ya kai shekara 20, dokoki 227 ne a kansa. Yara kuma, da ake kira nen, kamar kolo a wurinmu, dokoki goma. Abin da aka zuba maka shi za ka ci, ba zaɓi. Na tambaye shi me ya sa ba sa godiya. Ya ce, "Yom," haka suke kiran wanda ba sufi ba, "in na yi godiya ya zama ni aka yi wa. Ita kanta take yi wa, ni gona ce kawai da take shuka a ciki."

Bai ɓoye mini aibinsu ba. Ya ce mutane yanzu saye suke yi ba dafawa ba, soye-soye da kayan zaƙi, kuma da yamma sufaye na cika ciki da lemon kwalba, shi ya sa ƙiba da ciwon suga suka yi musu yawa, ga asibitinsu na musamman a Bankok kullum cike. Doka ta hana su riƙe kuɗi, amma akwai masu asusun banki. An taɓa ɗaure wani da aka gani a jirgin sama na haya da tabarau da jaka ta alfarma. Matasan birni kuma sun rage zaman wata uku zuwa mako biyu ko ɗaya. Ya ce shi kansa da niyyar faranta wa uwarsa kawai ya zo, sai a wata na biyu ya lura ya daina lalubar aljihu neman waya.

Na fi daɗewa wurin yaran. Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne daga ƙauyukan kan duwatsu, wasu ma Tailanci ba shi ne harshen gidansu ba. Iyaye kan kawo su don su sami karatu. Abin da ya bambanta su da mu shi ne bayan sun dawo daga yawon ƙoƙo, wanda bai fi sa'a ɗaya ba, aji suke shiga. Ana koya musu littattafan addininsu da Pali, ana kuma koya musu lissafi da kimiyya da Turanci, da takardar shaida da gwamnati ta yarda da ita. Mai ƙoƙari yana iya wucewa jami'ar sufaye ta Mahachulalongkorn, wadda aka kafa tun 1887, in ya ga dama daga baya ya ajiye mayafi ya nemi aiki, ba mai zarginsa. Na leƙa makwancinsu: tabarma, bargo, gidan sauro, famfo a bakin ƙofa. Akwai kuma yaran da ba su aske ba, dek wat, masu ɗaukar wa sufaye jaka su ci ragowar abinci. Ɗan Mama ya ce Chuan Leekpai, wanda ya yi firaminista sau biyu, a haka ya zauna a wani wat na Bankok yana karatun lauya.

A bayan ɗakin girki na ga mata tsofaffi cikin fararen kaya, su ma kai a aske, suna wanke tukwane. Mae chi ake ce musu. Suna riƙe dokoki takwas, amma ba a durƙusa musu, ba a tashi a ba su kujera a jirgi. Tun 1928 aka hana sufayen Tailan naɗa mace. Wata farfesa, Dhammananda, sai Siri Lanka ta je aka naɗa ta a 2003, ta dawo tana jagorantar gidanta a Nakhon Pathom, majalisar manyan sufaye kuwa ba ta amince da ita ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin ta kawo mini ayaba da ruwa, ta nuna kanta ta nuna tukunya ta girgiza kai, wato ta san ba na cin girkinsu.

Gidan nan shi ne komai na ƙauyen. Doguwar bututun hayaƙi da na gani a gefe wurin ƙona gawa ne. A farfajiyar ake taro, a nan ake cin kasuwar dare, a nan ake yar da karnukan da aka gaji da su. Ƙasar tana da irinsa fiye da 40,000, mutanenta kuma fiye da kashi 90 cikin 100 mabiya Buda ne. Duk da wannan girma, tsarin mulki ya hana sufaye jefa ƙuri'a. Da la'asar ta yi na tambayi inda zan yi salla, wani nen ya kai ni bayan ɗakin karatu, ya share mini wuri, ya tsaya daga nesa yana kore karnuka har na sallame.

Ranar Juma'a na yi salla a Ban Haw, na zaga kasuwar 'yan Yunnan da ke ci da safe a gaban masallacin, da yamma na bi jirgi na koma Bankok. Mama ta sa na maimaita mata sau uku yadda na same shi, ko ya rame, ko tabarau ya yi masa daidai. Ta rage mini bat biyu a kan kowace riga ba tare da na roƙa ba. Na kai kaya wurin masu kago, na biyo ta Adis Ababa na sauka Kano cikin hazon hunturu.

Kwana goma sha biyu da dawowata, ina shago, sai ga saƙo a WhatsApp daga lambar da ta yi wata huɗu a rufe. Hotonsa ne a bakin shagon Pratunam, da wandon jins da riga mai gajeren hannu, gashi ya fara tsirowa, girar ba ta gama dawowa ba. A ƙasa ya rubuta cewa a gaishe da Kawu, kuma sabon yayin wandon yara ya fito, dozin nawa za a ajiye mana.